Gunkin da ke kallon kansa a talabijin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen koyon aikin jarida. A wani darasi an nuna mana hoton mutum-mutumin Buddha, wanda ya kafa addinin Buddha a Asiya, an zaunar da shi gaban wata ƙaramar talabijin yana kallon kansa a ciki, aka ce wai yana cikin manyan ayyukan fasaha na ƙarni na 20. Ni dai ban ga abin burgewa ba. Babu labari, babu jarumi, ko motsi babu. Shin wannan fasaha ce ko raina wa mutane hankali ne? Kuma me ya haɗa akwatin talla da kaɗe-kaɗe da sha'anin ruhi, da har ake cewa a kan wannan aikin yake magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ga laifinka ba, domin hoto aka nuna maka, kuma hoto ya ɓoye maka rabin aikin.

Sunansa TV Buddha. Wani ɗan Koriya ne mai suna Nam June Paik ya haɗa shi a birnin New York a 1974. Kayan haɗin uku ne kacal: tsohon mutum-mutumin Buddha a zaune ya tanƙwashe ƙafa, kyamarar bidiyo, da ƙaramar talabijin. Kyamarar tana bayan talabijin ta fuskanci gunkin, waya tana kai abin da ta gani cikin talabijin, shi kuma gunkin ya zuba wa talabijin ido. Ba kaset a ciki, ba wani abu da aka ɗauka jiya ake maimaitawa yau. Kai tsaye ake nunawa, kamar yadda ake nuna ƙwallo ko rantsar da shugaban ƙasa. Shi ya sa idan ka zo kallo ka ratsa ta bayan gunkin, sai ka ga cikinka ko hannunka ya faɗo cikin talabijin ɗin. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aikin zai gaya maka abin da mutane ke yi: su leƙa, su ga kansu, su fara ɗaga hannu suna gyara tsayuwa. Gunki yana nan bai motsa ba, masu kallo ne suka kasa zama wuri ɗaya. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Kafin nan sai ka san mece ce talabijin a lokacin, don ku 'yan zamanin waya kun tarar da ita ta tsufa. Hanya ce mai tafiya ɗaya. 'Yan tsirarun mutane ke da tasha, miliyoyi ke zaune suna karɓa, kuma ba mai iya mayar da magana. A Amurka manyan kamfanoni uku ne suka riƙe kusan komai: ABC, CBS da NBC. A nan gida an buɗe ta farko a Ibadan a 1959, Kaduna ta biyo a 1962. Tambayi iyayenka yadda unguwa take idan gida ɗaya ne ke da akwatin. Ana jiran yamma a buɗe tasha. Yara sun jeru a ƙasa, wasu sun maƙale a taga, kowa ya fuskanci alƙibla ɗaya, an yi tsit, mai tari ma sai an harare shi. Ƙarfe tara na dare gari ya nutsu don labarai. Lokaci ƙayyadajje, sahu, shiru, fuskantar wuri guda, karɓar abin da aka faɗa ba musu. Kai da kanka ka san inda ɗan Adam ya saba yin irin wannan zama kafin a ƙera talabijin. Abin da Paik da wasu masu fasaha irinsa suka hango ke nan: akwatin ya ari zaman da mutum ke yi wa abin da yake girmamawa, ya zuba masa tallar sabulu a ciki. Amsar tambayarka ta biyu daga nan ta faro.

An haifi Paik a Seoul a 1932, gidan attajirai masu harkar yadi. Yaƙin Koriya ya tashe su a 1950, suka bi ta Hong Kong suka zauna Japan. Kiɗa da falsafar fasaha ya karanta a Jami'ar Tokyo, ya gama a 1956 ya wuce Jamus ta Yamma. Can ya haɗu da John Cage a 1958, Ba'amurken nan mai tsara kiɗa da ya taɓa sa makaɗi ya zauna gaban fiyano minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, don jama'a su saurari tarinsu da motsin kujerunsu. Cage ya sha karatun Zen, wani reshe na addinin Buddha da ya dogara kan zama shiru da lura da numfashi. Ka ga abin dariya: mutumin Gabas ya je Turai, Ba'amurke ya sake tallata masa hajar gidansu.

A watan Maris na 1963 Paik ya yi baje kolinsa na farko a wani gida a garin Wuppertal. Ya rataya kan bijimi da aka yanka a bakin ƙofa, ya cika wani ɗaki da talabijin goma sha wani abu, kowace ya buɗe bayanta ya taɓa mata wayoyi. Wata hoton ya juye, baƙi ya zama fari. Wata hoton yana naɗewa kamar tabarma. Wata an haɗa ta da makirfo, in ka yi magana haske ya tarwatse. Duk kuwa shirin da tashar Jamus ke watsawa a daren suke nunawa, sai dai a karkace. Ɗaya daga ciki ta lalace a hanya, hotonta ya tattare ya koma layi ɗaya fari a tsakiyar baƙi. Wani da sai ya kai ta wurin mai gyara. Shi ya kwantar da ita a gefenta, layin ya miƙe tsaye, ya raɗa mata suna Zen for TV. Duk surutun duniya, da mai labarai da mawaƙi da mai talla, sun matse cikin zare ɗaya na haske.

Bari in ɗan tsaya kan yadda abin ke aiki, tunda jarida kake karantawa. Tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya ba hoto take riƙe da shi a ciki ba. A can ƙarshen ƙeyar akwai wani abu da ke harbo siririn tsirkiyar lantarki zuwa bayan gilashi, inda aka shafa sinadarin da ke haske idan an taɓa shi. Maganaɗisu ne ke jan wannan tsirkiya hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, da saurin da ido ba ya kamawa. Irin tsarin da tsohuwar talabijin ta yi amfani da shi a Nijeriya layi 625 ne, hoto 25 a kowace daƙiƙa. Idan na'urar da ke jan ta sama da ƙasa ta mutu, duk layukan sai su hau kan juna, abin da ya sami waccan talabijin ke nan. A 1965 Paik ya ɗora ƙaton mayen ƙarfe a kan wata, tsirkiyar ta kauce hanya, hoto ya murɗe ya zama wasu zarurruka masu lanƙwasa, in ka matsar da ƙarfen su ma su matsa. Ya kira shi Magnet TV. A lokacin da fuskar mai karanta labarai take kamar hukuncin alƙali, wani ya nuna cewa da guntun ƙarfe za ka iya lanƙwasa ta. Daga baya shi da wani injiniya ɗan Japan, Shuya Abe, suka ƙera na'urar sarrafa launi da siffar hoto a tashar WGBH ta Boston wajen 1969 zuwa 1970. Yawancin wasan launin da ka saba gani a bidiyon waƙa jikokin wannan na'ura ne.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen, kuma da yawansu sun fi shi fushi da akwatin. Wolf Vostell, Bajamushe, a 1963 ya naɗe talabijin da waya mai ƙaya ya haƙa rami ya binne ta a New Jersey. Wasu matasa masu kiran kansu Ant Farm sun tara talabijin sun cinna musu wuta a San Francisco ran 4 ga Yuli 1975, suka tuƙo mota ƙirar Cadillac suka ratsa ta ciki, bayan sun gayyato 'yan jaridar talabijin su zo su ɗauka. Suka zo kuwa, suka nuna a labaran dare. Dara Birnbaum ta yanko inda jarumar shirin Wonder Woman ke juyi wuta ta tashi ta rikiɗa, ta yi ta maimaita shi har abin ya daina zama abin al'ajabi ya koma kamar injin niƙa.

Wanda nake so ka nema ka kalla, don ya shafi sana'arka kai tsaye, shi ne Television Delivers People na Richard Serra da Carlota Fay Schoolman, 1973. Bai kai minti 7 ba. Rubutu ne kawai ke hawa sama a hankali, da ɗan kiɗa mai taushi irin na ɗakin jira. Abin da rubutun ke cewa a taƙaice: kana zaton talabijin shiri take kawo maka, alhali kai take kai wa mai talla, mai talla ne abokin ciniki, kai ne hajar. Yau kowa na faɗin haka game da Facebook da TikTok kamar sabon gano ne, alhali an rubuta shi a fuskar talabijin fiye da shekara 50 da suka wuce.

Wasu kuma shiga suka yi cikin tashar kanta suka yi mata kutse da izininta. A 1971 gidan talabijin na Scotland ya watsa wasu gajerun ayyukan David Hall ba sanarwa, ba suna. Mutum na zaune sai ya ga kan famfo ya bayyana, ruwa ya fara zuba, akwatin yana cika kamar bokiti har ya kai baki. A kwanakin ƙarshe na Disamba 1969 wata tasha a Jamus ta riƙa rufe shirye-shiryenta da aikin Jan Dibbets: wuta ce kawai ke ci a murhu, kusan minti 3. Ma'anar ba ta da nisa ga Bahaushe. Da a bakin wuta ake taruwa da sanyi a yi tatsuniya, yanzu akwati ya ƙwace wurin, to ga wutar an mayar muku, amma ba ɗumi.

Inda Paik ya bambanta da su shi ne yana son talabijin. So na gaske, irin wanda yaro ke yi wa kasuwa ranar jajiberin salla. A Global Groove na 1973 ya buɗe da hasashen cewa wata rana za ka iya kama kowace tasha ta duniya daga ɗakinka, littafin jerin shirye-shirye kuma zai yi kaurin littafin lambobin wayar Manhattan, wani yanki na birnin New York. Sai ya jero masu rawa da kiɗan Amurka, makaɗan gangar Koriya, tallar Pepsi ta Japan, mawaƙiyar ƙabilar Navajo ta 'yan asalin Amurka, John Cage na ba da labari, duk a cakuɗe cikin minti 28 da 'yan kai, launi na narkewa. Kalle shi yau, ka rantse yatsan wani ne ke tura bidiyo a waya. Ran 1 ga Janairu 1984 ya haɗa New York da Paris ta tauraron ɗan Adam kai tsaye, aka kalla har Jamus da Koriya ta Kudu, ya kira shirin Good Morning, Mr. Orwell. Raddi ne ga marubucin nan George Orwell da ya yi hasashen cewa a 1984 allon da ke bangon ɗaki zai zama idon gwamnati a kan kowa. Paik na cewa allon zai iya zama dandalin wasa tsakanin al'ummai. A ganina kowannensu ya canki rabi, kuma wayar da ke aljihunka ta haɗa rabin biyu.

Yanzu mu koma ga gunkin. An ruwaito cewa ba wani dogon tunani ya haifi aikin ba. Paik yana shirya baje koli a zauren Bonino da ke New York, wuri ɗaya ya rage ba abin sawa, sai ya tuna da wani tsohon mutum-mutumi da ya saya. Wannan bai rage masa daraja a wurina ba. Karin magana nawa ne aka ƙirƙira a kan hanyar rijiya?

Ga abin da ke ciki. A koyarwar Buddha, mai zaman tafakkuri yana neman ya rabu da ruɗin "ni", ya daina maƙale wa kansa. To ga shi an ɗaure shi gaban hoton kansa har abada. Za ka iya karanta shi a matsayin zolaya: wanda ya fi kowa gudun son kai ya zama ɗan kallon kansa na farko, gomman shekaru kafin a san hoton da mutum ke ɗaukar kansa da waya. Za ka iya juya shi: talabijin da ba ta iya zama daƙiƙa biyar ba ta canza hoto ba ta gamu da wanda ya fi ƙarfinta, ya tilasta mata nutsuwa, ta zama tashar da ba talla, ba labari, ba abin da zai faru. Akwai kuma na uku, wanda ya fi damuna. Zaman mai tafakkuri da zaman wanda talabijin ta shanye, daga waje iri ɗaya ne. Jiki a sake, ido a tsaye, baki a rufe. Ɗaya hankalinsa a tattare yake, ɗaya an tafi da nasa. In ka shigo ɗaki ka tarar da su, da me za ka bambance? Aikin bai gaya maka ba. A 1974 ɗin dai, a birnin Cologne na Jamus, Paik ya ɗauke gunkin ya zauna a wurinsa da kansa, ya ƙara dagula lissafin.

Na san abin da ke ranka ko ba ka faɗa ba: gunki ne fa. Haka ne, kuma ba wanda ya ce ka girmama shi. Shi kansa Paik ba ustazun Buddha ba ne. Ya taɓa cewa ba mabiyin Zen ba ne, yana jin sa ne kamar yadda yake jin kiɗan Bach, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, kuma a wani rubutu na ƙuruciyarsa har ɗora wa Zen laifin talaucin Asiya ya yi. Ya ɗauki gunkin ne a matsayin alamar da duk duniya ta sani ta nutsuwa, ya buga ta da alamar da duk duniya ta sani ta hayaniya, ya tsaya gefe yana dariya. Kai a matsayinka na mai nazari, aikinka ka fahimci me aka buga da me.

Wanda ya ɗauki sha'anin ruhi da gaske, ba wasa, shi ne Bill Viola, Ba'amurke, an haife shi 1951 ya rasu a Yulin 2024. Ya yi wa Paik hidima yana saurayi. Yana shekara 6 ya faɗa tafki ya nutse har ƙasa kafin kawunsa ya tsamo shi, kuma ya sha faɗin cewa abin da ya gani a ƙarƙashin ruwan, haske shuɗi da ciyayi na kaɗawa, shi ne mafi kyawun abin da ya taɓa gani. Kusan duk aikinsa komawa ne wannan wuri. Ya zauna Japan a 1980 zuwa 1981, yana karatun Zen a wurin wani malami, yana kuma aiki a ɗakin binciken kamfanin Sony. Ya karanci Jalaluddin Rumi da sauran sufaye, da sufayen Kirista.

Makaminsa lokaci ne. Talabijin na gudu saboda kowace daƙiƙa kuɗi ce, shi sai ya ja birki. A The Greeting na 1995, mata biyu na tsaye suna hira, ta uku ta iso ta rungumi ɗaya ta raɗa mata magana a kunne. Abin da ya faru a daƙiƙa 45 ke nan. Ya ɗauke shi da kyamarar da ke kama hoto wajen 300 a daƙiƙa, ya shimfiɗa shi ya kai minti 10. Sai ka ga abin da ido ba ya gani a rayuwa: yadda murna ke fara tasowa a fuska kafin ta zama murmushi, yadda wadda aka bari a gefe fuskarta ke sauka kaɗan-kaɗan tana ƙoƙarin ɓoyewa. Duk macen da ta taɓa zama ta uku a tsakar gida za ta gane wannan fuskar. A Nantes Triptych na 1992 allo uku ne a jere: hagu mace na naƙuda har ta haihu, dama mahaifiyarsa ce a gadon ajali, da gaske ba wasan kwaikwayo ba, tsakiya kuma mutum da tufafinsa yana shawagi cikin ruwa. Kusan rabin awa. Talabijin na nuna mutuwa kullum, amma a daƙiƙa goma, sai talla. A nan ba inda za ka gudu.

Wanda na fi so shi ne Room for St. John of the Cross, 1983. Yohanna ɗin nan wani mai zuhudu ne ɗan Sifaniya da 'yan'uwansa malaman coci suka kulle a wani ƙuntataccen ɗaki a Toledo a 1577, wata tara, a can ya tsara waƙoƙinsa na begen Ubangiji. Viola ya gina babban ɗaki mai duhu, a bango ana haska duwatsu masu ƙanƙara, hoton na girgiza, iska na ruri kamar za ta fasa kunne. A tsakiya ga ɗan ƙaramin akurki mai taga ɗaya. Sai ka sunkuya ka cusa kai. A ciki ga tebur, ga butar ruwa da kofi, ga 'yar mitsitsiyar talabijin tana nuna dutse ɗaya a tsaye cak, wata murya kuma na karanta waƙa ƙasa-ƙasa. Hayaniya a waje, sukuni a cikin kurkuku. Wanda ya san me ake nufi da halwa ba ya bukatar a yi masa sharhi. Kuma lura, sai da ka sunkuyar da kai kafin ka ji.

Viola ma ya taɓa juya wa talabijin madubi. A 1983 ya shiga gidajen mutum 44 a Boston, ya ɗauke su zaune a falo suna kallon kyamara shiru kamar yadda suke kallon akwatinsu. Nufinsa a riƙa jefa kowane na minti guda tsakanin shirye-shirye ba sanarwa. Tashar ta ce ba za ta iya ba, ta rage kowane zuwa daƙiƙa 15 ta kuma sa suna. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: ayyukan Viola na ƙarshe sun fara yi mini nauyi. Wuta, ruwa na kwarara daga sama, mutum na ɗaga hannu a hankali, komai an goge shi yana sheƙi kamar tallar turare. Martyrs da aka kafa a babbar cocin St Paul ta Landan a 2014, allo huɗu, mutum huɗu na shan azabar ƙasa da iska da wuta da ruwa, ya burge mutane da yawa, ni kuwa na ga kamar an gaya mini abin da zan ji tun kafin in ji. Rage gudun hoto dabara ce mai arha idan ta yi yawa; kashe kaza ma in ka ja shi minti goma zai yi kama da abin girma. Masu suka sun daɗe suna cewa ya tsinko daga kowane addini ya haɗa wani abu mai daɗin sha wanda ba ya neman komai daga gare ka, ba farilla ba hani. Akwai gaskiya a ciki. Tsigar jiki ta tashi a zauren baje koli abu ne, ibada wani abu ne daban, kuma bai kamata mai nazari ya cakuɗa su ba ko da mai aikin ya cakuɗa.

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa, inda addini da duba suka shiga talabijin da ƙafarsu suka zama shiri. Christian Jankowski, Bajamushe, da aka gayyace shi babban baje kolin Venice a 1999, sai ya zauna a masauki ya riƙa buga wa masu duba na tashoshin Italiya waya kai tsaye, yana tambayarsu da gurguwar Italiyancinsa ko aikinsa zai yi nasara. Suna buga kati suna ba shi albishir. Ya naɗi shirye-shiryen, ya kai su a matsayin aikin. Ya kuwa yi suna da shi, ka ga duban ya ci ke nan. Duk wanda ya saurari masu magani da ke sayen fili a gidajen rediyonmu ya san wannan kasuwar.

Mu ma muna da namu abin nazarin, kuma ya fi na Turawa zurfi in da za a tsaya a kai. Shiga falo da yawa a Kano ko Maradi, za ka tarar an bar tashar Saudiyya da ke nuna Harami kai tsaye dare da rana. Ba labari, ba jarumi, ba abin da zai faru face ɗawafi da sahu. Ta fuskar tsari, wannan ya fi kusa da abin da su Paik ke nema fiye da kowane fim: kyamara a tsaye, lokaci na gaske, maimaici. Tsohuwa na zaune gabanta da carbi tana hawaye, jikanta na jiran ta tashi ya mayar ƙwallo, akwati ɗaya, rimot ɗaya. Ko tafsirin azumi da ake yankewa a sa tallar shinkafa a dawo. Ban kawo wannan don in yi hukunci ba, wannan na malamai ne. Na kawo ne don ka ga tambayar da gunkin can yake yi ba ta Turai kaɗai ba ce, kuma kai da ke riƙe da kyamara kana da abin ɗauka a gidanku. A Legas an fara tun wajen 2009, lokacin da wasu masu fasaha suka kafa ƙungiyar masu fasahar bidiyo a inuwar cibiyar da marigayiya Bisi Silva ta buɗe a 2007.

To fasaha ce ko raina hankali? Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: bayan ka bar wurin, akwai abin da ka saba gani kullum da ya canza maka kama? A wannan fage akwai shirme da yawa, kar wani ya ruɗe ka. Na sha zama gaban bidiyon awa guda da ba komai a cikinsa sai girman kan mai shi. Amma TV Buddha ya ci jarrabawar. Ka gwada da kanka. Haɗa kyamara da talabijin ta nuna kai tsaye, ka zauna gabanta minti 10 ba waya a hannu. Minti na farko za ka gyara hula. Na uku za ka fara jin kunyar fuskarka. Abin da zai zo bayan nan ba zan faɗa maka ba, kuma yawancin waɗanda na sa su gwada ba su kai na bakwai ba.

Wani abu na ƙarshe da zai ba ka mamaki shi ne waɗannan ayyuka suna mutuwa. Don wasannin Olamfik na Seoul a 1988 Paik ya gina hasumiya da talabijin 1,003, tsayinta ya haura mita 18, a gidan adana kayan fasaha na ƙasa da ke Gwacheon. Adadin ishara ce ga 3 ga Oktoba, ranar tunawa da kafuwar Koriya. Paik ya rasu a Miami a Janairun 2006. Kamfanoni suka daina ƙera talabijin mai ƙeya, na hasumiyar suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka kashe ta gaba ɗaya a 2018 don gudun gobara. Aka yi ta muhawara: in an sa mata sabbin allo marasa kauri, ita ce ko wata ce? A ƙarshe suka bi kasuwannin tsofaffin kaya suna tsintar na hannu, suka gyara ko suka musanya 737, sauran 266 da ke can sama aka bar musu kwanson aka sa sabon allo a ciki. An sake kunna ta a Satumbar 2022, amma 'yan awoyi kaɗan ake barinta a kunne, a wasu ranakun mako, don ta ƙara kwana.